Tarukan masu jigilar kaya da tambayar da gobarar Majiya ta bari

Da wuya wata ya kama ya mutu ba a yi wani taro a kan harkar sufuri da jigilar kaya ba a ɗaya daga cikin manyan otal-otal na Legas ko Abuja. Tsarin tarukan sananne ne. Minista ko wakilinsa zai buɗe, shugabannin hukumomin tashoshin jiragen ruwa da na kwastam su yi jawabi, kamfanoni su baje kolin manhajoji da na'urorin bin sawun kaya. Da dare a yi liyafa, a raba lambobin yabo. A cikin lambobin akwai wadda kusan ba ta fashi, wato ta kamfanin da ya fi kyautata wa al'umma.

Abin da ake haskawa a majigi kafin miƙa lambar shi ma sananne ne: rijiyar burtsatse, ajujuwan firamare da aka yi wa fenti, buhunan shinkafa da aka raba da azumi, gwajin hawan jini kyauta a wata tashar mota. Ba abin rainawa ba ne. Ƙauyen da ba shi da ruwa ya san darajar burtsatse. Sai dai masana'antar da motocinta ke ratsa garuruwan jama'a dare da rana ɗauke da lita dubbai ta man fetur, akwai wani haƙƙi a wuyanta da ya riga wannan, kuma shi ne aka fi tsallakewa a zaurukan taro.

A daren 15 ga Oktoban 2024, wata tankar mai da ta taso daga Kano za ta Nguru ta kife a garin Majiya da ke Ƙaramar Hukumar Taura a Jihar Jigawa. Mutane suka taru suna kwasar man da ke malala a magudanar ruwa, wuta ta tashi. A kwanakin farko an ƙirga gawa fiye da 150, daga baya adadin ya haura 200 bayan da wasu suka cika a asibiti. Wata uku bayan haka, ranar 18 ga Janairun 2025, irin wannan ta sake faruwa a mahaɗar Dikko da ke Jihar Neja, inda mutum fiye da 80 suka ƙone. A watan Oktoban 2025 kuma aka sake jana'izar mutum fiye da 30 a Essa, kan hanyar Bida zuwa Agaie.

Duk lokacin da haka ta faru, bakin da ya fi ƙarfi shi ne na masu ɗora laifi a kan waɗanda suka mutu. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin tunkarar tankar da ta faɗi da bokiti ganganci ne, ko da kuwa litar fetur ta tashi daga ƙasa da Naira 200 kafin janye tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023 zuwa sama da Naira 1,000 a makon da aka yi gobarar Majiya. Amma kafin mutum ya ɗauko bokiti, sai tanka ta faɗi, kuma sai murfinta ya saki man ya zube. Waɗannan matakai biyu na farko ba a hannun mutanen gari suke ba. Suna hannun mai motar, da kamfanin da ya ba shi dakon, da defon da ya loda masa, da hukumar da ta bar shi ya hau titi, da gwamnatin da ta bar titin ya lalace.

Dalilin da ya sa komai ya koma kan taya

Najeriya ba haka aka tsara ta ba tun farko. Kamfanin mai na ƙasa yana da bututun da tsawonsu ya haura kilomita 5,000, waɗanda aka shimfiɗa domin kai tataccen mai zuwa defo-defo irin na Kano da Gusau da Jos da Gombe da Maiduguri da Yola da Minna da Suleja. Matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, an gina ta ne domin Arewa ta sami mai a kusa. Fasa bututu da rashin gyara da mutuwar matatun suka durƙusar da tsarin, aka wayi gari man da za a sha a Damaturu sai tanka ta ɗauko shi daga gaɓar teku. Tsakanin Legas da Kano kaɗai tafiyar kimanin kilomita 1,000 ce.

Haka labarin yake ga busasshen kaya. Layin dogo ya iso Kano tun 1911, kuma shi ya yi dakon gyaɗa da auduga da fatu na tsawon shekaru. Yau kwantenar ɗan kasuwar Kantin Kwari da kwandon tumatirin manomin Kadawa duk a bayan tirela suke tafiya. A 2006 gwamnati ta ba da izinin gina tashoshin tsandauri guda shida, ciki har da na Kano da Funtuwa da Maiduguri da Jos, domin ɗan kasuwa ya riƙa karɓar kayansa a kusa da gida. Sai a watan Janairun 2023 aka ƙaddamar da ta Dala da ke Zawaciki, shekara 17 bayan ba da izinin, ta Funtuwa kuwa sai a 2024. Ta Kaduna, wadda ba ta cikin shidan farko, ita ta riga su a Janairun 2018. Tashar tsandauri kuma ba ta cika suna sai da jirgin ƙasa mai zuwa a kan kari. Idan babu shi, tirelar da ake gudu ita ce dai za ta kawo kwantenar.

A ma'aunin Bankin Duniya na ingancin jigilar kaya na 2023, Najeriya ta zo ta 88 cikin ƙasashe 139. Wannan adadi ana yawan ambatonsa a taruka, domin yana taɓa riba kai tsaye. Adadin waɗanda suka mutu a gefen titi bai cika samun irin wannan gurbi a jadawalin jawabai ba.

Kyauta ce ko biyan bashi?

Unguwar Apapa ta Legas ita ce wurin da ya fi dacewa a auna abin da kamfanoni ke kira hidimar al'umma. A tsakiyar shekarun 2010 hanyar shiga tashar jiragen ruwan ta lalace har tireloli kan shafe makonni a layi, direbobi suna kwana a ƙarƙashin motocinsu a kan gadoji. A watan Yunin 2017, Ministan Ayyuka na lokacin, Babatunde Fashola, ya sa hannu a yarjejeniya da kamfanin Dangote da na Flour Mills da Hukumar Kula da Tashoshin Jiragen Ruwa, NPA, domin sake gina kilomita biyu na titin da kankare a kan Naira biliyan 4.34. An gabatar da kason kamfanonin a matsayin gudummawa ga al'umma. Aikin ya amfani kowa, babu shakka. Amma kamfanonin biyu suna da manyan masana'antu a cikin Apapa, kuma motocinsu na cikin waɗanda cunkoson ya fi cutarwa. Wanda ya gyara hanyar ƙofar gidansa ya kyauta wa maƙwabta, ya kuma kyauta wa kansa, kuma babu aibi a faɗi duka biyun.

Abin da ya biyo baya ya bambanta. Ranar 25 ga Janairun 2019, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 007, wanda ya ba kamfani damar gina titin gwamnati sannan a cire masa kuɗin daga harajin da zai biya. A irin wannan tsari aka yi titin Apapa zuwa Oshodi da Oworonshoki, da na Obajana zuwa Kabba, da na Bodo zuwa Bonny na kamfanin iskar gas na NLNG. MTN ya ɗauki na Inugu zuwa Onitsha, BUA ya ɗauki na Kano zuwa Kazaure zuwa Kwangwalam, kamfanin mai na ƙasa kuma ya ɗauki tituna 21 a kan Naira biliyan 621 a 2021.

Tsarin yana da fa'idarsa, domin ya gaggauta ayyukan da kasafin kuɗi ya yi shekaru yana jan ƙafa a kansu. Sai dai kuɗin na jama'a ne. Haraji ne da ya kamata ya shiga baitulmali a raba tsakanin matakan gwamnati, aka karkatar da shi zuwa wani titi tun kafin ya isa. Duk da haka, a bakin jama'a, wani lokaci har a bakin masu gabatarwa a taruka, sai a ji ana lissafa irin waɗannan tituna cikin alherin kamfani. Rashin bambance kyauta da biyan haraji ta wata ƙofa yana sa a yaba wa kamfani a kan abin da dama wajibinsa ne, a kuma manta da tambayar wane ne ya zaɓi titin da za a fara yi, kuma don amfanin wa.

Jami'ar Sufuri ta Daura wani misali ne. Kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya ɗauki nauyin gina ta a kan Dala miliyan 50, aka aza harsashi a Disambar 2019, aka kuma kira ta hidimar al'umma. Ministan Sufuri na lokacin, Rotimi Amaechi, bai ɓoye cewa shi ya nemi kamfanin ya gina ta ba, a daidai lokacin da kamfanin ke riƙe da manyan kwangilolin layin dogo na ƙasar. Jami'a dai alheri ce, kuma ƙasar na buƙatar injiniyoyin jirgin ƙasa. Amma kyautar da aka nema a teburin kwangila, mai lissafi zai so ya san ko an riga an saka kuɗinta a wani shafin.

Inda alhakin yake ɓacewa

Yawancin manyan kamfanoni ba su ne ke da motocin da ke dakon kayansu ba. Sukan ba ɗan kwangila, shi kuma ya nemi mai mota biyu ko uku, mai motar ya ba direba, direba ya ɗauki yaron mota wanda sau da yawa ba shi da albashi sai abin da maigidansa ya ga dama. A kowane mataki ana rage wani abu daga kuɗin dakon. Idan kuɗin ya iso ƙasa, abin da ya saura ba ya isa a sayi sabuwar taya, sai gwanjo. Ba ya isa a ajiye mota kwana biyu a duba birki. Direban da ake biya gwargwadon sawun da ya yi kuwa, barci asara ne a wurinsa. Ga dizal, ga kuɗin da ake karɓa a shingayen hanya da na masu karɓar haraji iri-iri daga jiha zuwa jiha, waɗanda ƙungiyoyin masu motoci suka daɗe suna kuka da su.

Idan haɗari ya auku, kamfanin da ke saman jerin yakan ce motar ba tasa ba ce. A takarda gaskiya ya faɗa. Amma shi ya yanka farashin da ya sa aka yi tafiyar da tayar gwanjo.

Wannan matsala ba ta Najeriya kaɗai ba ce, kuma an ga yadda wasu suka tunkare ta. Ranar 24 ga Afrilun 2013 ginin Rana Plaza ya rufta a Bangaladash, ya kashe ma'aikatan ɗinki 1,134 waɗanda ke ɗinka tufafi ga manyan shagunan Turai da Amurka. Da yawa daga shagunan suna da kyawawan rahotannin hidimar al'umma, kuma da farko uzurinsu shi ne masana'antun ba nasu ba ne. Abin da ya kawo sauyi shi ne yarjejeniyar da kamfanoni fiye da 200 suka shiga da ƙungiyoyin ƙwadago, wadda doka ke iya kama wanda ya saɓa mata, ta kuma tanadi masu bincike masu zaman kansu da ke wallafa abin da suka gani. Jamus ta fara aiki da dokar da ta ɗora wa manyan kamfanoni alhakin sa ido a kan masu kawo musu kaya a 2023, Tarayyar Turai ta zartar da tata a 2024, ko da yake matsin lambar 'yan kasuwa ya sa ta jinkirta fara aiki da ita. Indiya ta bi wata hanyar daban. Dokar kamfanoninta ta 2013 ta wajabta wa manyan kamfanoni kashe kashi biyu cikin ɗari na matsakaicin ribarsu ta shekara uku a kan ayyukan al'umma.

A Najeriya an sha gabatar da ƙudirin doka irin ta Indiya a Majalisar Tarayya, ba tare da an kai gaci ba. Abin da ya fi kusa da ita shi ne tanadin Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021, wadda ta wajabta wa kamfanonin haƙo mai ware kashi uku cikin ɗari na kuɗin gudanarwarsu na shekarar da ta gabata ga garuruwan da suke aiki a cikinsu. Garin da ake haƙo mai a cikinsa yana da suna a doka. Garin da tanka ke ratsawa, kamar Majiya ko Dikko ko Tafa ko Mararrabar Jos, ba shi da wannan matsayi, alhali shi ma yana ɗauke da nasa kason na haɗarin.

Ko da an yi dokar kashi biyu, da wuya ta magance abin da ake magana a kai. Za ta ƙara yawan burtsatse, ba lallai ta ƙara ingancin birki ba. Dokokin da suka shafi birkin suna nan tun tuni. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, FRSC, tana da tsarin tantance kamfanonin da ke da tarin motoci tun 2007, tana da shirin duba lafiyar tanka a defo kafin a yi mata lodi, ta kuma fara tilasta sanya na'urar taƙaita gudu a motocin haya a Fabrairun 2017. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashi a asusun NSITF, domin ma'aikacin da ya ji rauni ko iyalan wanda ya rasu. Yaron motar da ba a rubuta sunansa a ko'ina ba, babu ta inda zai shiga wannan lissafi. Inshorar dole ta manyan motoci kuma, tun Janairun 2023, Naira dubu 100 ce a shekara, kuma iyakar abin da take biya na ɓarnar dukiya Naira miliyan biyar ne. Gobarar tanka ɗaya a gadar Otedola ta Legas a Yunin 2018 ta cinye motoci fiye da 50.

Bayan Dikko, hukumar da ke kula da sufuri da rarraba man fetur, NMDPRA, ta haramta loda wa tankokin da ke ɗaukar lita 60,000 daga ranar 1 ga Maris na 2025. Mataki ne mai ma'ana, ko da yake ihu ne bayan hari, kuma masu motocin sun koka cewa jarinsu na biliyoyin Naira zai kwanta. Kukansu ba na banza ba ne. Hukumomi ne suka bari aka ƙera tankokin, aka yi musu rajista, aka yi shekaru ana loda musu a defo-defo masu lasisi.

Kujerun da babu kowa a kai

Mai duba jerin masu jawabi a irin waɗannan taruka zai ga shugabannin kamfanoni da lauyoyi da ma'aikatan banki da masu sayar da manhaja. Da wuya ya ga direban tirela, ko ɗan dako, ko hakimin garin da ke bakin babbar hanya, ko likitan da ya karɓi waɗanda suka ƙone. Kuɗin rajista kaɗai ya isa ya tace mahalarta, harshen da ake magana da shi kuma ya ƙarasa sauran. Kaso mai yawa na direbobin manyan motoci da ke zirga-zirga tsakanin Apapa da Arewa da Hausa suke hulɗarsu, ana kuma tattauna makomar sana'arsu da Ingilishi a ɗakin da ba za su iya biyan kuɗin shiga ba. Akwai kuma batun masu ɗaukar nauyi. Taron da kamfani ya biya kuɗin zaurensa da abincinsa, da wuya ya ware sa'a guda domin tambayar kamfanin motoci nawa masu dakon kayansa suka kife a bara.

Ba a ce tarukan ba su da amfani ba. Tsarin kiran motoci ta intanet mai suna Eto, wanda NPA ta fara a Fabrairun 2021, da sauya fasalin biyan kuɗin kwastam, da shirin taga guda ta shige da ficen kaya da Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar a Afrilun 2024, duk an daɗe ana tattauna su a irin waɗannan zauruka kafin su zama manufa. Eto ya rage layin Apapa sosai, duk da ƙorafin da direbobi ke ci gaba da yi a kan 'yan kamasho da masu karɓar na goro. Wannan ya nuna cewa idan masana'antar ta matsa a kan abu, yana motsawa. Abin da ta matsa a kai zuwa yanzu shi ne wanda ke rage mata kwanaki da kuɗi. Wuraren hutawar direbobi da Hukumar Kare Muradun Masu Shigo da Kaya da Fitar da Su ta daɗe tana tallatawa a Lokoja da Obollo-Afor da wasu garuruwa sun fi yawa a takarda, shi ya sa har yau kafaɗar titi ce masaukin tirela.

Abin da za a iya nema daga kamfanin da ke son lambar yabo ba mai wuyar ƙirgawa ba ne. Motoci nawa suka yi masa dako a shekara, nasa da na 'yan kwangila. Nawa suka yi haɗari, mutum nawa suka mutu, an biya diyya ko ba a biya ba. Sa'a nawa direba ke tuƙi kafin a tilasta masa hutu. Tankoki nawa ke da murfin da ke riƙe mai idan mota ta kife. Kamfanonin da ke da na'urar da ke nuna musu inda kowace kwantena take a kowane minti ba za su ce ba su da waɗannan alƙaluma ba.

Akwai dalilin kasuwanci ma da zai sa a fara. Mai fitar da riɗi ko citta ko zoɓorodo ko fata daga Kano zuwa Turai yana ƙara fuskantar tambayoyi a kan hannayen da kayansa suka bi. Tun 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, matsalar da ta samo asali daga rumbu da sito, wato tsakiyar tafiyar kayan.

Fasalin harkar ma yana sauyawa. A watan Yunin 2025 matatar Dangote ta sanar da shirin rarraba mai kai tsaye da sababbin motoci 4,000 masu amfani da iskar gas, lamarin da ya kai ga takun-saƙa da ƙungiyar ma'aikatan mai ta NUPENG a watan Satumba a kan 'yancin direbobin na shiga ƙungiya. Sababbin motoci a hannun kamfani guda na nufin idan wani abu ya faru an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Yana kuma nufin dubban masu tsofaffin tankoki za su yi takara a kan ragowar dakon da farashi mai rahusa, kuma mai mota idan kuɗi ya yi masa ƙaranci, taya da birki ne farkon abin da yake jinkirtawa.

Legas ce za ta karɓi baƙuncin Bajekolin Kasuwancin Ƙasashen Afirka na 2027, bayan wanda aka yi a Aljiyas a Satumban 2025. Kayan da za a baje daga Kano da Sakkwato da Maiduguri, idan layin dogo bai kammala ba kafin lokacin, ta Tafa da Dikko da Mokwa da Jebba za su bi.